Ranar da Mai Rodi Ya Rufe Hanyar Kasuwa

Ƙanin mijina ya yi shekara talatin da ɗaya yana lebura a sashen gyaran hanya, amma tafiyarsa ta gagare shi gyara. Kai a karkace, kunne ɗaya wajen ƙasa, guntun rodi a hannu. Yana tafe yana bugun kwalta yana saurare, kamar mace mai zaɓen tukunya. Shi ya sa gari ya manta sunansa, sai Mai Rodi. Ya ce lafiyayyen titi a dunƙule yake amsawa, wanda ruwa ya cinye cikinsa kuwa ƙarar ganga yake yi. Na ce da haka yake sauraron matarsa, da ba ta yi furfura da wuri ba.

Saura wata biyar ya yi ritaya. An kwana uku ana ruwa, ina zaune a shagona na bokitai da robobi, daf da kwalbatin hanyar kasuwa. Ya zo ya buga, ya tsaya. Ya sake bugawa, sai rodin ya huda kwalta, ƴar ƙofa kamar bakin kwalba. Ya jawo bencina ya gindaya a tsakiyar titi.

"Mijin, ina takardarka?" na ce. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini: lebura ya rufe hanya babu sa hannun injiniya, kora ce, fansho kuma sai a mafarki.

"Yaya, ba ni bokiti da ruwa."

Hanyar nan ita kaɗai manyan motoci ke iya bi. Kafin rabin awa layi ya kai shataletale, hon ta ko'ina. A gaba tirelar siminti ce. Direban ya sauko ya leƙa ƙofar, ya yi tsaki.

"Baba, a kan wannan ka tsayar da gari? Ko ɓera sai ya rame zai shiga."

Mai Rodi dai zuba ruwa yake a ƙofar, ina miƙa masa. Ɗan sanda mai ba da hannu ya zo ya ce shi ba a ba shi umarni ba, a janye benci. Direba ya hau ya ta da inji, ya matso a hankali har hancin motar ya taɓa katako. Mai Rodi ya ajiye bokiti, ya je ya zauna a kan bencin, bayansa jingine da ƙarfen motar. Mutumin da kyankyaso ke kora daga ɗaki.

Injiniya ya iso bayan tara, a ƙafa, don motarsa ma ta maƙale a layin. Sa'ar autana ne, takalmi na sheƙi.

"Baba, ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani, yallaɓai. Zuba wannan tukuna."

Ya karɓi bokitin kamar zai jefe shi da shi, amma ya zuba. Ruwan ya wuce sul. Sai can muka ji faɗuwarsa, daga nesa, kamar a rijiya.

"Na nawa ke nan?"

"Na sha huɗu, ɗana," na ce. "Kuma ramin bai ce ya ƙoshi ba."

Injiniya ya dubi inda ƙafafunsa suke. Ya ja da baya a kan ƴan yatsu, ya ɗaga wa direba hannu ya kashe inji. Sannan ya zaro takarda, ya ɗora a kan teburina.

"Ƙarfe nawa ka rufe?"

"Bakwai da rabi."

Mai Rodi ya sunkuyar da kai, yana jiran a rubuta abin da zai kore shi. Na leƙa ta kafaɗar injiniyan, tsufa bai hana ni sa ido ba. Umarnin rufe hanya ya rubuta, a gurbin lokaci ya sa ƙarfe bakwai, ya sa hannu.

"Riƙe. Tun safe na ba ka, ka manta ne."

Aka yi awa biyu ana mayar da motoci da baya, direban tirela yana zagin kakannin kowa. Mai Rodi bai tashi daga bencin ba. Na ce ya ba ni kayana, ya ce, "Yaya, bari gwiwoyina su dawo tukuna."