Zanzaron Glenda

Orval Tackett ya yi tuƙin motar 'yan makaranta a wani ɗan gari na kudancin Arizona har ya yi ritaya, amma ba da tuƙi aka san shi ba. An san shi da farin zanin gadon da yake ratayewa a baranda duk damina, ya haska masa fitila tun magariba, da asuba ya fito da kwalabe yana tsince ƙwarin da suka kwana a jiki.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Manyan faɗa-wuta masu ado ba sa gabansa. Nasa shi ne zanzaron dare, ja, siriri, mai saka ƙwai a cikin tsutsa, ɗan ya cinye ta daga ciki. A idon kowa duk ɗaya suke. Sai an sa madubin ƙara girma ake ganin bambanci, a jijiyar fiffike ko haƙoran muƙamuƙi. Ya kan soke su da fil, ya jera a akwati, ya kai wa Dakta Ybarra, malamar da ke kula da ɗakin ajiyar ƙwari a jami'a.

Matarsa Glenda, tela, ta tsani fitilar nan. Ta hana ta barci, ta cika mata labule da ƙwari, ga firiza rabi nama rabi zanzaro.

Wata damina ya kama guda ɗaya mai ɗigo a fiffike da bai taɓa gani ba. Dakta Ybarra ta duba, ta ce mai yiwuwa sabon jinsi ne. A al'adar masu wannan aiki, wanda ya gano shi ke zaɓen suna, amma abin kunya ne mutum ya sa nasa. Orval dama ya daɗe da zaɓa.

"Sunanki zan sa masa," ya ce wa Glenda a kan teburin abinci.

"Kai tsoho! Duk shekarun nan, abin da ka ga ya yi kama da ni ke nan? Mai cin mutum ta ciki?"

"Ki dubi ƙugunsa mana, 'yar tsohuwa."

"Rufe min baki, wakenka na hucewa."

Ta faɗa dai, amma kafin Lahadi duk matan cocinsu sun ji labari.

Saura gwajin ƙwayar halitta, wanda sai an cire ƙafa ɗaya an aika. Orval ya nace shi zai cire da kansa, alhali hannunsa ya fara rawa, har kofi ba ya cikawa. Hantsaki ya goce. Busasshen zanzaro ya karye a ƙugu, rabi ya faɗa kan tebur. Orval ya zauna ya dafe kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Glenda ta leƙo ta gani.

"Matsa. Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkewa."

Ta sa tabarau, ta lakuto gam da bakin allura, ta haɗa ƙugun tsaf, ta cire ƙafar. Ranar ce ta fara kallon zanzaro ta madubi, kuma ta daɗe ba ta ɗago ba.

Sakamako ya iso farkon damina ta gaba. Dakta Ybarra ta bugo waya da kanta: ba sabo ba ne. Wani ya kama irinsa a Meksiko tun kafin a haifi Orval, ya sa masa suna, kuma sunan farko ba a ture shi.

Orval bai ɓoye wa Glenda ba. Ya gaya mata a tsaye, sannan ya fita ya sauke zanin, ya naɗe, ya ajiye a kan kujera. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san idonsa da hannunsa ba su da sauran damina da yawa.

Da magariba hadari ya haɗu ta kan duwatsu. Yana zaune a falo sai ya ga haske ya faɗo a labule. Ya fito ya tarar da Glenda a kan kujera tana maƙala zanin a igiya, a karkace.

"Me kake kallo?" ta ce. "Na riga na gaya wa mutane. Zo ka riƙe min wancan gefen, nawa zanzaron yana nan bai zo ba tukuna."