Kwana Talatin Kafin a Goge

A wurin aiki Mai Makulli ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe makullin ƙofa ba. Shekara goma sha bakwai yana shugabancin wani sashe mai mutum biyu, a ɗaki mara taga. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci hanyar shiga kwamfutocin kamfani, shi ke rufe wa wanda aka sallama. Shi ne ma ya kawo shawarar a riƙa rufewa tun mutum yana zaune gaban manaja, kafin ya dawo teburinsa da ɓacin rai. An ba shi takardar yabo a kan haka.

Da matarsa ta yi jinyar wata huɗu a asibiti, ta imel ɗin ofis take aiko masa da muryarta, don ba a shiga ɗakin aikinsu da waya. Saƙo arba'in da biyu. Bayan rasuwarta bai kwafe su ba. Waya takan faɗa ruwa, in ji shi, amma na'urar kamfani ba ta mantuwa. Kullum da hutun rana yakan saurari ɗaya.

Ranar wata Talata aka kira shi. Manaja ya yi minti shida yana bayanin tsuke bakin aljihu, ya miƙa masa takardar sallama a ambulan. Da ya dawo ya buga lambar sirrinsa, allon ya ce ba ta yi daidai ba. Tsarin ya yi aiki babu tangarɗa.

Dogo, abokin aikinsa, ya ƙura wa bango ido.

"Kai ka danna?" in ji Mai Makulli.

"Ni na danna, mutumina. Da wa za a sa, mai shara?"

"Muryar uwar yara tana ciki."

"Na sani. Amma in na buɗe, sunana zai fito, kuma kai ka sa yake fitowa. Ka cike fom. Akwai kwana talatin kafin a goge."

Ya cike. Fom ɗin yana buƙatar sa hannun shugaban sashe, kujerar da aka soke tare da shi. Sau biyar yana zuwa bakin get. Mai gadi yakan gaishe shi da girmamawa, sannan ya tambaye shi wa yake nema.

A kwana na talatin da ɗaya, bayan an goge saƙonnin, 'yarsa ta shigo ɗakinsa da littafi da biro, ta zauna a bakin gado.

"Baba, faɗi abin da ka tuna, in rubuta."

Ya tuna wanda take cewa kada ya manta da maganinsa. Ya tuna wanda take mitar taurin matashin kai na asibiti. Da ƙyar suka kai goma sha ɗaya.

"Wanda ta yi dariya fa? Ka taɓa ce mini akwai."

"Akwai."

"Me ya ba ta dariya?"

Ya duba takardar.

"Bar wurin a haka," ya ce, "ko zai dawo mini."