Layin da Lailatu Ba Ta Shiga Ba

Na'Allah ɗan Malami ƙaramin ɗan kasuwa ne a wani ƙauye da ke kusa da Burkusuma, inda na yi shekara shida ina shugabantar makarantar firamare. Yakan kai wake da gero Maraɗi, ya komo da takalma da kayan gwanjo. Karatunsa na boko bai wuce aji huɗu ba, amma ban taɓa koyar da ɗalibi mai yawan tambaya kamarsa ba.

A wata tafiya ya tsinci madubin hangen taurari a cikin tarkacen wani mai gwanjo: farin bututu mai tsawon hannu, da ƙafafu uku na ƙarfe. Takardar da ta zo da shi Faransanci ce, don haka da gwaji muka koyi sarrafa shi. Muka gano cewa wata ba ya tsayawa a cikinsa. Idan an saita shi a tsakiya, cikin minti biyu ko uku zai sulale ya fice ta gefe, sai an sake taɓa bututun. A hankali Na'Allah ya san manyan taurari, Mushtari da ƙananan watanninsa huɗu, ya san Zuhal mai zobe. Abokansa na kasuwa suka sa masa suna Mai Bututu.

"Kai Mai Bututu," in ji su, "duba muna sama, ko farashin wake na tashi gobe?"

"Na duba," yakan ce. "An rubuta kowa shi sai da nashi gare ni yau."

Matarsa Lailatu ta leƙa sau da dama a tsakar gida. Ta ga ramukan wata, ta ce sun yi kama da fuskar waina. Sai dai burinta daban ne. Tun tana yarinya, duk lokacin da wata ya yi zazzaɓi, wato husufi, tana cikin masu kaɗa tasa da gwangwani har a sake shi. Ta ce wata mai lafiya kowa na ganinsa. Ita mai zazzaɓin take so ta gani kusa da kusa, ta san abin da ke kama shi.

Damar ta zo ranar wata Juma'a a ƙarshen Yulin 2018. Na ji a rediyo, na sanar da shi. Lailatu ta roƙe shi ya kafa madubin a cikin gida, ya amsa. Amma da aka idar da sallar husufi, liman ya ce yana so ya duba. Ba a shigar da liman da dattawan gari tsakar gidan matan aure, ba a kuma ce musu su jira mace. Sai Na'Allah ya fito da madubin ƙofar gida.

Layi ya kafu har bakin masallaci. Dattawa suka fara, magidanta suka biyo, fataken da suka sauka a garin suka shiga a matsayinsu na baƙi. Watan ya yi ja kamar garwashin da ya fara mutuwa. Sau biyu Lailatu ta zo bayan ƙyauren zaure ta yi gyaran murya.

"Malam, ko an rage?"

"Ki ɗan yi haƙuri, baƙi na. Yanzu za ni shigo da shi."

Ni kaina sau biyu na duba, har na tsaya ina yi wa jama'a bayanin inuwar duniya. Lokacin da mutum na ƙarshe ya janye idonsa, hadari ya riga ya taso daga gabas ya rufe komai. Na'Allah ya shiga da madubin a kafaɗa ana yayyafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Na gaba nawa na." Ya ce ya ɗauki alkawari.

Husufin da ya biyo baya ya same shi a hanyar Maraɗi. Kafin wani ya zagayo, 'yan bindiga sun hana ƙauyen zama. Ranar da mutane suka watse, ba wanda zai iya saɓa dogon bututu mai ƙafafu ya bi hanya ba a ɗauka makami ne ba. Ya naɗe shi a leda da tabarma, ya binne a ƙarƙashin rumbu. Suka iso garin Isa da kayan jikinsu. A lokacin na yi ritaya na koma can, na ba su ɗaki a gidana.

A nan idanun Lailatu suka fara ja da baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Na dama ya mutu. Na hagu, in ji ta, yana nan da sauransa. Tana shara, tana girki, tana zuwa randa ba tare da sanda ba, don haka muka gaskata ta.

Da na ji cewa za a yi cikakken husufi ranar Lahadi, bakwai ga Satumbar 2025, daidai fitowar wata bayan magariba, na yi jinkirin faɗa masa, domin na san abin da zai aikata. Haka kuwa aka yi. Ya sami ɗan acaɓa mai ƙarfin hali, suka bi ayarin masu zuwa kasuwa suka nufi ƙauyen. Kwana biyu ba labarinsa. A na uku ya shigo da damin karan dawa a bayan babur, bututun na tsakiya. Gara ta cinye tabarmar, amma gilashin bai fashe ba. Ya yini yana goge shi da auduga.

Katangar gidana ta gabas ta zube a ruwan damina, saboda haka babu abin da ya tare mu. Maƙwabta maza suka ji labari, suka taru a zaure. Na'Allah ya fita ya same su.

"Ku gafarce ni. Yau ba mai dubawa sai maiɗakina ta gama."

"To, yau mata ka limanci ke nan?" in ji wani, aka yi dariya. Ya juya ya koma ciki.

Duhu na shiga, watan ya bayyana ƙasa-ƙasa, ja wur, sararin sama tas babu gajimare. Yaran unguwa suka soma kaɗa gwangwani. Ya saita shi a tsakiya, ya kamo hannun Lailatu. Ta ɗan daɗe tana lalube da fuska kafin ta sami wurin sa ido.

"Kin gane shi?"

"Na gane shi, Malam. Ja na, kamar manja."

"Ramukan fa?"

"Ga su nan. Wainata ta ƙone."

Ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun ƙauye. Ta ci gaba da kallo, tana ta ba shi labari. Minti uku suka wuce, biyar suka wuce, bai taɓa bututun ba. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Har yanzu shina nan?" ya tambaya a hankali.

"Tsakiya sosai. Bai ko motsa ba."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "To na gani. Ka hita alkawari, ka huta." Matata ta raka ta ɗaki.

Na'Allah ya sunkuya ya leƙa, sannan ya matsa mini. Babu komai a ciki sai baƙin sarari. Watan ya daɗe da ficewa.

"Hedimasta," ya ce, "wancan karon sau nawa ka duba?"

"Sau biyu."

"Ni sau bakwai. Duk saitin da niy yi ma wani, sai na saci kallo."

Ya rufe bakin bututun tun watan bai washe ba. Mazan da ke zaure suka gaji da jira suka watse.

Har yau suna gidana. Yana ɗan kasa takalma a kasuwar Isa, madubin kuma yana ƙarƙashin gado. Idan mata suka zo, Lailatu takan ba su labarin jan watan da ta gani da idonta. Shi kuwa yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ƙwarai kuwa, ta gane shi," sa'an nan ya ɗauki buta ya fita.