Douwe Sikkema, Mai Tare wa Wasu Iska

"To je ka mutu a gaban coci, ka rage wa masu ɗaukar gawa tafiya."

Muryar Marrit ke nan, matar Douwe Sikkema. Bangon da ya raba gidajenmu ba shi da kauri.

"Haba Marrit, zagaye talatin ne kawai a cikin ƙauye," in ji Douwe. "Tseren bankwana ne. Kin san al'ada, an gama magana da sauran mahaya, ni za su bari in ci."

"Da likita aka gama maganar? Cewa ya yi in ka sake buga kan nan a ƙasa, ko sunana ba za ka tuna ba."

Shekara goma sha shida Douwe yana cin abinci da tseren keke, bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ba don haka aka ɗauke shi ba. Kullum da safe zai ci burodi da cuku, ya hau ganuwar da ta tare teku, inda iska kan ture saniya, ya yi awa biyar yana murza feda. Ranar tsere sai ya shiga gaban gwanin ƙungiyarsu ya sha iskar, gwanin ya laɓe a bayansa kamar ɗan tsako. In an kusa ƙarshe ya kauce. Wani ya karɓi furanni da sumba, shi ya iso na tamanin da wani abu, majina har gemu.

Bara a Beljiyam wani ɗan kallo ya faɗo titi garin ɗaukar hoto. Muna gani a talabijin Douwe ya jefa jikinsa tsakanin mutumin da gwanin. Gwanin ya wuce lafiya, kan Douwe ya daki gefen titi. Kwana tara bai buɗe ido ba. Matar mai burodi ta rantse ta ga Marrit tana gwada baƙar rigar makoki. Ƙarya take, amma mu matan layin nan, kowaccenmu sai da ta duba tata ko ta yi mata kaɗan.

Kai ne garkuwar da ba a rataya wa lambar yabo, Douwe. Kai ka sha iska, wasu suka sha tafi. Mun gode, kuma duk mai son ɗansa ya zama mutum ya nuna masa bayanka. Sai dai tun jiya ake ruwa, duwatsun titin gaban coci sun yi santsi kamar bayan kifi, kuma tseren yau ne da ƙarfe biyu.

"Ba zan shiga tsakiyar mahayan ba," ya ce wa Marrit, famfo na zuba. "Gaba zan tsaya, ni kaɗai."

"Gora nawa ka cika?"

Na ji ta ƙirga su da kanta.

"Takwas, Douwe. Mai tsayawa gaba shi kaɗai ɗaya yake sha. Bakwai ɗin a riga za ka cusa, ka riƙa kutsawa cikinsu kana rabawa da hannu ɗaya a kan keke."

"Hannuna ne ya saba. Yaran za su ji ƙishi."

"A cikin ruwan sama?"

Na ji ta zari makullin mota.

"Ina gidan yayata. Kada kowa ya kira ni, sai kai da bakinka."

Ta fice, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya girgiza farantai a kan bangona.