Maɓallan Rigar Baba

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran ƙanwata, autar gidanmu, bayan zazzaɓin da bai wuce kwana huɗu ba. Shekarunta ashirin da shida. Ta cika ne a asibitin da take shekarar horonta ta aikin fisiyo, wato gashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, saura wata biyu ta karɓi lasisi. Yau kusan sati shida ke nan, sai yanzu na iya riƙe biro.

Kofur, bari in kira ki da sunan da Baba ya laƙaba miki, don shi bakinmu ya saba da shi.

Ni ce na fara yi miki dariya ranar da kika ce fisiyo za ki karanta. Makinki ya kai ki shiga likitanci, dangi har sun fara kiran ki Dakta, kika ce a'a. Na ce miki, shekara biyar a jami'a don a koyi tausa? Ki zo in koya miki kyauta. Ba ki yi fushi ba. Cewa kika yi likita yana ƙoƙarin kada mutum ya mutu, ke kuwa so kike ki ga yadda zai tashi daga gadon ya koma harkarsa. Daga nan muka shiga uku a gidan nan. Ba wanda zai miƙe ƙafa a falo ba ki kama gwiwarsa kin lanƙwasa ba. Ni kam har zane kika yi mini da biro a dantse kina haddace sunayen jijiyoyi, na je wurin aiki da shi ban lura ba.

Kina ajin ƙarshe Baba ya faɗi a shagonsa, tsakanin keken ɗinki da teburin yanka. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗinka wa jama'a riguna ya wayi gari ba ya iya saka maɓallin tasa rigar. Mu kuma muka yi abin da muka sani: Mama ta ba shi abinci a baki, ni in saka masa riga, Yaya Babba ya ɗauke shi cak zuwa banɗaki. A ganinmu gata muke yi masa.

Kika dawo hutu kika rushe mana tsarin. Kika jawo 'yar kujerar katako gabansa, kika ɗora masa riga a kafaɗa, kika tura tafukan hannunki ƙarƙashin cinyoyinki kika zauna a kansu. Kika ce, "Bismilla, Baba." Minti arba'in yana kokawa da maɓalli ɗaya, gumi na zuba, yatsu na zamewa. Mama ta fita tana kuka. Ni kuwa na tare ki a kicin na ce miki marar imani, a kan uban da ya haife ki za ki gwada karatu? Sai kika buɗe mini hannuwanki, duk shatin katako ya kwanta a kansu.

"Yaya, kina tsammanin ba na so in saka masa ne? Shi ya sa nake danne su. Duk maɓallin da kika saka masa, ƙwace masa shi kika yi."

Ban ba ki haƙuri ba a ranar, ban kuma ba ki ba daga baya. Na ɗauka akwai lokaci.

Kika zazzage gwangwanin maɓallansa, kika ɗinka manya-manyan na kwat a jikin wani ƙyalle, da ya ƙware kika sauya masa da ƙanana. Ya juya ƙyallen ya duba bayan ɗinkin, ya ce da karkataccen bakinsa, "'Yar tela guda, wannan ai abin kunya ne." Ranar ce ya fara dariya tun faɗuwarsa, ranar ce kuma ya sa miki Kofur. Farar rigarsa maɓalli shida ne. A farkon watan da kika rasu ya kai ga saka huɗu da kansa. Kun yi alkawari shi da ke: ranar rantsar da ku zai zo da rigar nan, shi ya saka duka shidan da hannunsa.

Sai a wajen gaisuwa muka gane ba mu kaɗai kika yi wa wannan taurin kan ba. Wata dattijuwa mai sayar da yadi ta ce wata uku tana tsine miki a zuci, yanzu ga shi da kanta take taje gashinta. Wani direban babbar mota ya zo da sanda, ya tsaya a gindin matattakalarmu. Yaya Babba ya miƙa masa hannu, ya girgiza kai, ya ce, "Bar ni, Alhaji, ba za ta so ba." Ya hau matakai bakwai ɗin nan shi kaɗai, ya zauna ya rufe fuska da hularsa.

Kofur, ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Mun ɓata miki aiki. A kwanakin makoki gida ya cika, kowa yana tausayin tsoho. Wannan ta ba shi ruwa a baki, wancan ya saka masa riga, shi kuma bai hana kowa ba. Kafin baƙi su watse hannun ya fara dunƙulewa a kan cinyarsa. Abokiyar aikinki ta zo ta duba shi, ta yi ta buɗe yatsun suna komawa. Ta ja ni gefe ta ce idan ba a ci gaba yanzu ba za su sandare, kuma abin da aka samu cikin shekara ɗaya da rabi zai tafi. Ta ce a kawo shi asibiti. Baba ya ce ba zai sake taka harabar da aka fito da gawarki ba.

Ranar Alhamis da ta wuce, da safe, na ɗauko kujerarki. Na ɗora masa farar rigar, na zauna a kan hannuwana yadda na ga kina yi, na ce, "Bismilla, Baba." Ya dube ni ya daɗe. Ya ɗaga hannun da ƙyar, ya kama maɓallin farko, ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Wannan fa shi ne maɓallin da yake sakawa yana hira da ke. Ban kai minti goma ba katakon ya fara cin yatsuna, na kuma san ba katakon ba ne. Sai ya saki hannun ya ce, "Saka mini, 'yata. Wadda zan nuna wa ba ta nan."

Na zare hannuwana na saka masa duka shidan. Na saka masa ranar Juma'a, na saka masa jiya, na saka masa yau. Kullum na taɓa yatsun sai in ji sun fi na jiya tauri. Na san abin da nake yi masa, ke kika faɗa mini, amma ba ni da zuciyarki, kuma ban ga wanda yake da ita a gidan nan ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba da Mama, da Yaya Babba, da malamanki da abokan aikinki, da marasa lafiyar da har yanzu suke leƙa ɗakin gashi suna tambayar ina mai zama a kan hannu. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Duk ƙafar da ta taka da duk hannun da ya buɗe ta dalilinki, Allah ya sa su a mizaninki. Allah ya ba Baba haƙurin da ba mu iya ba shi ba, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Ni kuma ki yafe mini kalmar da na faɗa miki a kicin, ki yafe mini rigar gobe da safe.