Ranar da Baba ya yi wa kare wanka

Baba bai taɓa yarda cewa muna da kare ba. Bayan ya bar tuƙin lori ya zauna a gidanmu na Nyanshegu, sai ya koma kiwon awaki da zabi a bayan gida. Da aka sace masa bunsuru biyu cikin damina ɗaya, yayana ya kawo wani jan kare daga ƙauye, ramamme mai tsayayyun kunnuwa. Baba ya dube shi ya ce, “Iyakarsa garke. In ya tako tsakar gida, kai da shi ku koma inda kuka fito.”

Karen ya kiyaye doka, sata kuma ta tsaya. Baba ya ce addu'arsa ce.

Lokacin na fara koyarwa a Kaladan, ina zuwa gida ranar Asabar. Wata Asabar na tarar da karen yana ta susa da ƙafar baya, gashin gindin wutsiyarsa ya zube. Na buɗa gashin wuyansa da tsinke, sai ga ƙuma baƙaƙe suna tsalle. A gindin dalbejiya kuma ga Baba kan tabarma yana sosa idon sawu.

“Baba, ko sun kai gare ka ne?”

“Sauro ne,” in ji shi.

“Sauro da rana tsaka,” in ji Mma, mahaifiyarmu, daga bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba.

Kafin la'asar maƙwabta sun kawo shawara. Mai sayar da koko ta ce toka. Bakaniken da shagonsa ke kallon gidanmu ya zo da baƙin mai a gwangwani, ya rantse da shi ya warkar da nasa. Na tambaye shi ina karen yake yanzu, ya ce ya mutu, amma ba ƙuma ko ɗaya a jikinsa.

Ran Litinin na je wurin likitar dabbobi. Ta ce kada mu kuskura da baƙin mai ko kananzir, ƙona fata suke yi. Ta ba ni sabulu da wani maganin da ake ɗigawa a ƙeyar kare, inda harshensa ba ya kaiwa, kwana biyu bayan wanka, sannan duk wata. Ta ce a ƙone buhun da yake kwana a kai, a riƙa share garken, don ƙwan ƙuma a ƙasa yake zuba.

Wankan ne ya gagara. Yayana ya kama karen, ya zille. Na gwada da kan kifi, ya karɓe kifin ya shige ƙarƙashin rumbu. Baba yana kallonmu yana jan carbi. Can ya yi tsaki, ya miƙe, ya yi wani ɗan siririn fito da ban taɓa jin ya yi ba. Sai ga kare ya fito yana kaɗa wutsiya, ya kwanta a gabansa.

Muka dubi juna.

“Sauran tuwon da nake ajiyewa kullum,” Mma ta ce, “ashe ga inda yake zuwa. Har jikokina na yi wa faɗa.”

Baba ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito sanye da tsohuwar rigar ruwansa ta tuƙi, ya ɗaura leda a hannu biyu da ƙafa biyu. Ya durƙusa yana cuɗa karen a hankali, har bayan kunnuwa, yana ce masa, “Tsaya mana, kai ma ka san ba don kai nake yi ba, don awaki ne.” Da ya ɗauraye shi, karen ya girgije, ruwa ya wanke wa Baba fuska da gemu, wurin da leda ba ta kai ba. Mma ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Shi kuwa ya shiga banɗaki da bokiti biyu, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Cikin mako uku susa ta tsaya, gashi ya fara tsirowa. Daga nan duk sabon wata Baba zai buga mini waya, ya tambayi makaranta, ya tambayi lafiyata, sai in ji ya yi gyaran murya.

“In za ki zo, ki biya wurin matar nan. Ba gaggawa. Amma ki zo da shi Asabar.”