Cen ɗin Inji da Rumbun Inna

Har yau in na ji an tayar da mota da safe tana cakar-cakar daga cikin inji, raina ɓaci yake yi, ko da motar ba tawa ba ce. Nakan tsaya in ce wa mai ita ya je a duba, wani ya gode, wani ya dube ni kamar na roƙe shi goro.

Shekarar da aka toshe ruwa a Kainji ne. Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Yelwa ta wajen Ngaski, an kuma gaya mana ruwa zai cinye shi. An gina mana sababbin gidaje a kan tudu, kowa yana kwashe kayansa. Yayana, ɗan farin Inna, ya sayar da babban jirginsa na fito ya sayi tsohuwar akori-kura, ni kuma na koyi tuƙi a Yelwa, sai na zama direbansa. Mota tasa, hannu nawa, shawara kuwa tasa ce shi kaɗai.

Abu biyu ke damun motar nan. Na farko fambel, bel ɗin da ke juya fanka, wanda da ka ɗaga bonet za ka gan shi. Ya tsattsage, yana kuka kamar ɗan akuya. Na biyu cen ɗin inji, sarƙar da ke can ciki a rufe, wadda ke sa komai na inji ya motsa a kan lokacinsa. Shi ba a ganinsa, sai dai a ji. Kullum da safe sai ya yi ta kaɗawa, motar ta yi wuyar tashi, in mun zo hawa ta riƙa tari tana harbi. Bakanikenmu na Yelwa, wani dattijo mai gajen haƙuri irina, ya kasa kunne ya ce cen ya saki, a ba shi kwana biyu ya sauke lagireto ya buɗe gaban inji. Har sabon cen ɗin ya ba mu, naɗe cikin takarda mai maiƙo, na tura shi ƙarƙashin kujerata.

Yaya ya ce a canza fambel dai. Aka canza, kuka ya ɗauke. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "To, ka ji? Ta yi shiru."

Na ce, "Yaya, don Allah, ba shi nike faɗi ba. Na ciki nike faɗi."

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya nuna mini. "Ina yoyo? Mi ya zuba?"

Nan fa matsalar take. Yaya mutumin ruwa ne tun yana ƙarami. A wurinsa jirgi ba ya ɓoye ciwo. In ya fashe za ka ji ruwa a ƙafarka, ka kwarfe, ka cusa tsumma, ka ci gaba da tuƙi har gaci, can a gyara. Ba a taɓa jan lafiyayyen jirgi tudu a farke shi don wani ya ce ya ji ƙara. Haka ya ɗauki mota. Wallahi na yi bayani har bakina ya bushe, na kwaikwayi ƙarar da bakina, na ce masa wannan ba ya yoyo, yankewa yake yi gaba ɗaya. Ya ce in an gama kwasar kaya a ba bakanike ko sati ne.

Kwasar kayan kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Yaya mutum ne mai kara, ba zai iya kwashe na gidansu ya bar na maƙwabta ba. Yau tukwanen wance, gobe ƙofofin wane, jibi turame da akurkin kaji. Inna mun kai ta sabon gida da shimfiɗarta, amma rumbunta yana can tsohon gari cike da dammunan gero, abincin gidanmu na shekara, har da irin shukan da ta keɓe, wanda ta gada wurin uwarta. Ita kuma ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye, ko sunansa ba ta faɗi, kunyar ɗan fari. Ni take tarewa a bakin ƙofa ta ce, "Auta, hatsina fa?" In ce gobe, Inna. In je in gaya wa Yaya, ya ce saura gida uku. Haba! Kamar in yi ihu.

Ranar da aka zo kan kayan gidanmu, an kwana biyu ana ruwan sama. Mun fito da hantsi babu kaya, mun bi hanyar fadama. Muna cikin hawa wani ɗan tudu sai na ji ƙas, kamar an karya kara, inji ya mutu. Na juya handul, ƙarfen tayar da inji, har kafaɗata ta yi tsami, yana juyawa sakayau, ba alamar tashi. Yaya ya ɗaga bonet, ya taɓa fambel ɗinsa sabo ful, ya ce, "Ga shi lafiya lau." Ban san sanda na jefar da handul cikin ciyawa ba. Na ce, "Lafiya lau ɗin me? Sai ka hau shi ya kai ka!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

Da ƙafa muka koma. Kafin mu sami aron kwalekwale, don kowa nasa yana aiki, kwana uku sun wuce, ruwa ya rufe hanyar fadama ya shiga tsohon gari. Muka tuƙa har tsakar gidanmu. Rumbun ƙasa ne, gindinsa ya jiƙa ya zauna, ya kife gefe guda. Gero ya kumbura cikin laka, wani har ya fara tsiro, wari ya cika wurin. Muka yi ta lalube da hannu, abin da muka tsamo bai cika kwalekwalen ba, irin kuwa ko zangarniya ɗaya ba mu gani ba.

Inna tana zaune a ƙofar sabon ɗakinta muka iso. Yaya ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Ba ta dube shi ba, ba za ta iya ba. Ni na durƙusa na fara zuba, ina huci, ina cewa na faɗa, na faɗa, ba a ji ba. Har na ciro cen ɗin daga aljihun riga, don na ɗauko shi daga mota, na buɗe takardar na nuna mata.

Ta karɓa ta auna shi a tafin hannunta. Ta ce, "Wanga ɗan abu?"

Na ce shi ne.

"Kwana nawa za a yi a sa shi?"

"Biyu, Inna."

"Ina yake duk kwanakin ga?"

Na ce ƙarƙashin kujerata.

Ta naɗe shi a takardarsa a hankali, ta miƙo mini. Ta ce, "Shi bai san mota ba, Auta. Kai ka sani, kuma kullum kai ka tashe ta."